Shawara: Turancin malamina a Pakistan ya gagare ni, nawa ma ya gagare shi

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga arewacin Nijeriya, ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar abinci a wata jami'a da ke Islamabad, babban birnin Pakistan. Kafin na taho na koyar da Turanci a makarantar sakandare, saboda haka ban taɓa kawowa a raina cewa harshen zai zame mini matsala ba. Amma tun da na zo, yawancin abin da malamin da ke duba aikina yake faɗi sai dai in kintata, musamman a waya. Ma'aikacin ɗakin gwajinmu, mutumin Peshawar, Turancinsa daban, na abokin ɗakina ma daban. Su ma ba sa gane ni. Wata rana na ce a miƙo mini "cap", wato murfin kwalba, sai aka kawo mini kofin shayi, aka yi ta dariya. Da na gabatar da rahoton bincikena a gaban malaman sashe, malamin nawa ya ce in gyara lafazina domin ba a fahimtata, kuma a gaban kowa ya faɗa. Abin ya ƙona mini rai, domin a ganina su ne ke karya wasula. Da daddare na riƙa kwaikwayon maganarsa ina ba 'yan ƙasarmu dariya, ashe abokin ɗakina, ɗan wani ƙauye kusa da Multan wanda ya yi mini ɗawainiya tun ranar da na sauka, yana jinmu. Tun daga lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Saura wata huɗu in kare kundina. In nemi a canza mini malami ne, ko in koma magana irin tasu? Wa ke kan daidai tsakanina da su?

Ɗalibi a Islamabad

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na karanta wasiƙarka da kyau, kuma na fahimci inda abin ya fi yi maka ciwo. Mutumin da ya tsaya gaban aji yana gyara wa yara Turanci, a wayi gari a ce masa a bainar jama'a ba a gane abin da yake faɗi, ga shi baƙo a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, dole ransa ya sosu. Ban ga laifinka a wannan ɓacin ran ba. Sai dai tambayarka ta ƙarshe, wa ke kan daidai, ita ce ta ja ka zuwa ga abin da ya faru da daddaren nan, saboda haka da ita zan fara.

Turancin kudancin Ingila, wanda littattafan makarantunmu da nasu suke ɗauka a matsayin ma'auni, yana da wasula kusan 20 idan aka haɗa da tagwayen wasula. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwayen nan biyu, "ai" da "au". Urdu, harshen ƙasa na Pakistan, yana da goma: uku gajeru, bakwai dogaye, ban da waɗanda ake fitarwa ta hanci. Duk wanda ya koyi Turanci bayan harshen uwarsa ya zauna masa a baki, yakan ɗauki wasulan nan 20 ya rarraba su a cikin waɗanda ya riga ya sani. Kai ka yi wannan rabon, malaminka ma ya yi, amma ba a wuri ɗaya kuka ajiye kowane wasali ba. Ba wanda yake yin Turancin Ingila a cikinku, kuma ba wanda aikinsa yake bukatar hakan.

Dubi labarin murfin kwalbar nan da kyau, domin ya ƙunshi kusan dukan matsalar. Bahaushe yakan furta "cap" da gajeren "a" ɗinmu, ya ce "kap". To a Urdu akwai wani gajeren "a" da ya yi kusa da namu ƙwarai, wanda kake ji a "das", wato goma, ko "bas", wato ya isa, kuma da shi mutanen Pakistan suke furta "cup". Hasali ma "kap" ɗin nan shi ne sunan kofin shayi a bakinsu na yau da kullum. Shi kuwa "cap" suna ba shi wani wasali mai faɗi da ke tsakanin "a" da "e", irin wanda kake ji a "hai" ko "paise" idan kana ciniki a kasuwa. Ka ga wanda ya kawo maka kofi ya ji ka sarai, kuma abin da ka nema a kunnensa shi ya kawo. Haka zai faru da "bag" da "bug", da "match" da "much", da "lack" da "luck". A wannan gaɓar, in za a bi ma'aunin littafi, su suka fi kusa da shi, domin sun raba wasula biyun da mu muke yawan haɗewa.

A wani wurin kuma mu ne muka fi kusa. Wasalin da ke cikin "lock" da "hot" da "college" da "office", wanda muke yi da "o" muna zagaye leɓɓa, da yawa daga cikinsu sukan buɗe baki su mayar da shi dogon "a". Zan riɓanya harafi don nuna tsawo: "laak", "haat", "kaalij", "aafis", "daaktar". Haka kalmomin suka shiga Urdu, haka ake rubuta su a allunan shaguna da asibitoci, kamar yadda suka shigo mana a matsayin kwaleji da ofis. Saboda haka idan malaminka ya ce "haat", kunnenka zai kai ka ga "heart", alhali "hot" yake nufi. Da zuciya yake nufi da ka ji "r" a ciki, domin yawancinsu suna furta "r" duk inda aka rubuta shi, saɓanin mu da muke haɗiye shi bayan wasali. Daga nan ne rikicin "walk" da "work" yake tasowa. Shi zai ce "waak" don tafiya, ya ce "wark" don aiki, da gajeren wasali da "r" a bayyane. Mu kuwa wasunmu "wok" suke cewa ga duka biyun, wasu 'yan arewa kuma "waak" suke ce wa aiki, wanda a kunnensa tafiya ce tsantsa. Akwai kuma inda muka yi tarayya da su ba tare da mun lura ba: tagwayen wasulan da ke cikin "face" da "goat" mu da su duk mukan miƙe su su zama dogon "e" da dogon "o".

Ka yi gaskiya da ka ce kowa a cikinsu Turancinsa daban. Ƙidayar shekarar 2023 ta nuna mutanen Pakistan sun haura miliyan 241, kuma waɗanda Urdu ne harshen uwarsu ba su wuce kashi 9 cikin 100 da 'yan kai ba. Masu Punjabi sun kai kusan kashi 37, masu Pashto kashi 18, masu Sindhi kashi 14, masu Saraiki kashi 12. Mutum yakan tashi da harshen gidansu, ya koyi Urdu a makaranta da titi, sannan Turanci ya zo na uku, kuma kowanne yana barin sawunsa a kan na bayansa. Misalin da masana suka fi kawowa shi ne kalmar "school". Mai Urdu yakan sa wasali a gaba ya ce "iskuul", mai Punjabi ya tsoma shi a tsakiya ya ce "sakuul", shi kuwa mai Pashto, irin ma'aikacin ɗakin gwajinku idan harshensa ke nan, ba ya bukatar ƙarin komai, domin harshensa ya saba jera baƙaƙe a farkon kalma. Amma shi kuma za ka iya jin ya mayar da "f" ta koma "p", kuma ba sai na gaya wa Bahaushe yadda waɗannan biyun suke rikita baki ba. Tsoma wasali tsakanin baƙaƙe ma ai gadonmu ne: da shi muka samu burodi da firamare da sukurudireba. Laifi tudu ne, ƙanena, ka taka naka ka hango na wani.

Rubutu ma yana da hannu a ciki. Ana rubuta Urdu da haruffan Larabci irin na Farisa, kuma kamar yadda ka sani a rubutun Larabci na manya, ba kasafai ake sa wa gajerun wasula alama ba. Idan aka rubuta kalmomin Turanci da waɗannan haruffa, "test" da "taste" sukan fito da siffa ɗaya, haka "pen" da "pain". Yaron da ya fara haɗuwa da kalmar a allon shago ko a littafin da malamin ƙauye ya fassara masa, ba abin mamaki ba ne ya kusanta su a baki. Kai da kake fannin abinci, inda ake gwadawa kuma ake ɗanɗanawa, sai ka yi hattara da "test" da "taste" musamman. Mu ma ba mu tsira ba, domin Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da baƙi ya rufe, shi ya sa "gate" da "get" suke kusantar juna a bakin da yawa daga cikinmu. Farfesa Munzali Jibril, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nuna yadda Turancin Hausawa da na 'yan kudancin Nijeriya suka sha bamban a wasula. Ka ga ko a gida ba lafazi ɗaya muke da shi ba balle mu auna wasu da shi.

Yanzu bari mu zo kan abokin ɗakinka, domin a ganina wannan ya fi batun malami gaggawa. A Pakistan lafazin Turanci ba maganar baki kaɗai ba ce, yana nuna gidan da mutum ya fito da makarantar da iyayensa suka iya biya. Tsarin mulkin 1973 ya ayyana Urdu a matsayin harshen ƙasa, ya ba da shekara 15 a shirya maye gurbin Turanci a ayyukan hukuma, har Kotun Ƙoli ta sake ba da umarnin yin hakan a 2015, amma har yau da Turanci ake karatun kimiyya a jami'a, da shi ake samun manyan ayyuka. Akwai tsofaffin makarantun masu hali irin su Aitchison da ke Lahore, wadda aka kafa a 1886, akwai kuma ɗimbin makarantun gwamnati da ake koyarwa da Urdu ko Sindhi. Masanin harsuna Tariq Rahman, a nazarinsa na 1990, ya kasa Turancin ƙasar gida huɗu, tun daga mai kama da na Ingila har zuwa na waɗanda karatunsu bai yi nisa ba, kuma ya danganta rabon da irin makarantar da mutum ya yi da matsayinsa a cikin al'umma. Ɗan ƙauyen da ke kusa da Multan, wanda mai yiwuwa Saraiki ne harshen gidansu, wataƙila tun ranar da ya shigo birni 'ya'yan masu kuɗi suke yi wa wasulansa dariya. Da ya ji kana kwaikwayon malaminku, muryarsa ya ji, da ta mahaifinsa, kuma daga bakin baƙon da ya ɗauka ɗan'uwa. Na tabbata ba haka ka nufa ba. Huce haushi kake yi, amma a kan wanda bai yi maka komai ba ya sauka.

Kada ka bari a ƙara kwana. Ka same shi shi kaɗai, ka gayyace shi shan shayi, ka ce masa ka yi kuskure kuma ka ji kunya. Kada ka haɗa da "ai wasa nake yi" ko "ai ku ma kun yi mini dariya", domin uzuri yana rage wa ban haƙuri daraja. Bayan ya saurare ka, kana iya gaya masa yadda maganar malamin ta yi maka zafi, ba don ka wanke kanka ba sai don ya san daga ina abin ya taso. Mai yiwuwa ya fi kowa sanin irin wannan zafin. Idan ka ga ya sake, ka roƙe shi ya taimake ka da kunnensa, ya riƙa gaya maka kalmomin da ba ya ganewa a bakinka. Idan kuma bai sake nan take ba, ka ci gaba da kyautata masa ba tare da matsa masa ba, domin yana da haƙƙin ya ɗauki lokaci. Su kuma 'yan ƙasarmu da kuka yi dariyar tare, idan suka sake tayar da wasan, ka ce musu ka bari.

Shi malaminka, ban goyi bayan yadda ya yi maka gyara a gaban jama'a ba. Da ya kira ka ofis da ya fi. Amma ka raba salon maganar da abin da ke cikinta. Mutumin da zai gabatar da kai gaban masu jarrabawa ya gaya maka ba a fahimtarka, kuma masu jarrabawar nan kunnensu irin nasa ne. Wannan labari ne mai amfani, ko da an ba ka shi da kaushi. Ban ba ka shawarar neman canji ba. Saura wata huɗu, sabon malami zai bukaci lokaci kafin ya san aikinka, shi ma da wuya a ce ba ɗan ƙasar ba ne mai irin wasulan nan, kuma a wurin da ake girmama malami kamar yadda muke yi a gida, neman canji kan dalilin lafazi zai iya ɓata maka suna a sashen gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne ka je ofishinsa cikin ladabi, ka ce ka ɗauki gyaran da ya yi maka, kana so ya nuna maka kalmomin da suka fi shige masa duhu. A nan ne kuma za ka samu damar faɗa masa, cikin laushin harshe, cewa kai ma wani lokaci maganarsa takan wuce ka a waya, saboda haka kana neman izinin ka riƙa turo masa taƙaitaccen saƙo bayan kowace ganawa, ka rubuta abin da ka fahimta ya ce a yi, shi kuma ya tabbatar. Malamai da yawa suna jin daɗin ɗalibin da yake yin haka. Idan ya amince ka riƙa naɗar muryarsa lokacin ganawa, to madalla, amma kada ka yi ba da saninsa ba.

Batun ko ka koma magana irin tasu, amsata ita ce a'a. Ba za ka iya cikin wata huɗu ba, kuma bayan abin da ya faru, duk wanda ya ji ka kana "kaalij" da "daaktar" zai ɗauka ba'ar ce ka ci gaba da ita. Gyara kaɗan kake bukata, a wuraren da ma'ana take sauyawa. Jennifer Jenkins, wadda ta yi nazarin yadda waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suke fahimtar juna, ta nuna a shekarar 2000 cewa launin wasali, wato yadda sautinsa yake fita, yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da an rasa fahimta ba matuƙar mai magana ya tsaya a kan abu ɗaya, amma bambancin dogo da gajere yana da muhimmanci, haka ma wasalin da ke cikin "work" da "bird". Saboda haka ka koyi faɗaɗa wasalin "cap" da "batch" da "sample" ya karkata wajen "e", ka riƙa fito da "r" a "work" da "heart" da "first", ka ja dogon wasali ya ja sosai a "taste" da "heat" da "weight", ka kuma kula da "p" da "f". Ka zauna da kundinka ka fitar da kalmomin fanninka da za su fi maimaituwa ranar karewa, ka karanta wa abokin karatu ɗan ƙasar su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ga takardar ba, ya rubuta abin da ya ji. Duk inda rubutunsa ya saɓa da naka, nan ne aikinka yake.

Kunne kuma yana sabawa da sauri idan aka daina yi masa gardama. Muddin kana sauraron malaminka kana ƙirga kurakuransa, hankalinka ba zai koyi tsarinsa ba, alhali tsari ne mai ƙa'ida: da zarar ka riƙe cewa dogon "a" nasa sau da yawa "o" ɗinka ne, ɗaruruwan kalmomi za su buɗe maka a lokaci guda. Ka riƙa sauraron labaran Turanci na Radio Pakistan da na tashar talabijin ta gwamnatin ƙasar, da hirarrakin 'yan wasan kurket bayan an tashi wasa, inda za ka ji Turancin yankuna daban-daban. Akwai kuma taskar muryoyi ta Jami'ar George Mason da ke Amurka, mai suna Speech Accent Archive, wadda ake samu kyauta a intanet, inda mutane daga harsuna masu yawa suke karanta sakin layi ɗaya. Ka saurari na masu Urdu da Punjabi da Pashto, sannan ka saurari na Hausawa, domin jin lafazinmu daga bakin wani yakan nuna wa mutum abin da ba ya ji a nasa.

Ranar karewa ka sa muhimman kalmomi da dukan alƙaluma a rubuce a kan allon majigi, ka rage saurin magana, kuma duk tambayar da aka yi maka ka maimaita ta da kalmominka kafin ka amsa, domin idan ka ji ba daidai ba a gyara maka tun kafin ka yi nisa. Kafin ranar ka nemi abokan karatu biyu ko uku 'yan yankuna daban-daban su zauna maka a matsayin masu jarrabawa, su yi maka tambayoyi da irin saurin da suka saba. Idan kuwa bayan ka yi duk wannan malamin ya ci gaba da muzanta ka a gaban mutane, ko ya ƙi duba aikinka, to batun ya tashi daga na wasula. A lokacin sai ka tattara saƙonnin da kuka yi musaya, ka fara da ofishin kula da ɗalibai baƙi ko shugaban sashe, ka nemi a haɗa maka da malami na biyu da zai taya duba aikin, wanda ya fi sauƙin samu a ɗan lokacin da ya rage maka fiye da canji gaba ɗaya. Ka sake rubuto mini bayan ka gana da abokin ɗakinka da malamin, in ji yadda kuka yi. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.